Gonar da ta tono asali: nazarin salsalar wani iyalin Malay a Penang

## Iyalin da labarin da suka taso a kai

Iyalin 'yan jihar Penang ne, a arewa maso yammacin Malesiya. Jihar kashi biyu ce: tsibirin da birnin George Town yake, da yankin Seberang Perai a tsallaken ruwa, wanda arewacinsa fadamun shinkafa ne. Wadda ta ɗauki nauyin binciken malamar sakandare ce da ke aiki kusa da Kuala Lumpur, shekarunta sun doshi 50, kuma ita ce babba cikin 'ya'ya biyar.

A takardun haihuwarsu duka an rubuta "Melayu", babu wanda ya taɓa ja. Sashe na 160 na kundin tsarin mulkin ƙasar bai ɗora zama ɗan Malay a kan jini ba. Sharuɗɗan su ne mutum ya kasance Musulmi, yana magana da harshen Malay, yana bin al'adar Malay, kuma tushensa ya kai ga wanda aka haifa ko yake zaune a ƙasar ko a Singafo kafin ranar 'yanci, 31 ga Agusta 1957. Duk sun cika waɗannan.

Amma a cikin gida akwai labarin da ake alfahari da shi. An ce kakansu na sama Balarabe ne daga Hadramaut ta ƙasar Yaman, sharifi, wanda ya ajiye laƙabin Syed don tawali'u. Hujjar ita ce dogon hanci da manyan idanun mazan gidan. Labarin bai yi kama da tatsuniya ba, domin Penang ta ga sharifan Hadramaut da gaske. Tengku Syed Hussain Al-Aidid, attajirin da ya zo daga Aceh ta tsibirin Sumatra, shi ya kafa masallacin titin Lebuh Acheh a 1808, kuma a wannan titin maniyyata suka daɗe suna taruwa kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

'Yan Malay ba su da sunan dangi da ake gada. Namiji wane "bin" wane ne, mace wance "binti" wane, kamar yadda ake cewa ɗan wane ko 'yar wane. Da wannan tsarin iyalin na iya lissafa maza huɗu a jere zuwa sama. Matan kuwa ko cikakken sunansu ba a riƙe ba. Kakar malamar ta wajen uba, wadda ta rasu tuntuni, jikoki na ce mata Tok, maƙwabta na ƙara mata da "puteh", wato fara. Haskenta ma an jingina shi ga jinin Larabawa, ba tare da wani ya lura cewa ita aurowa aka yi cikin gidan ba.

## 2021: rasuwa, da gonar da ke ɗauke da sunan wani

Mahaifin malamar ya rasu a tsakiyar 2021, lokacin da dokar korona ta hana ƙetare iyakar jihohi. Sai bayan an sassauta dokar ranar 11 ga Oktoba 'ya'yan suka haɗu a ƙauye aka yi addu'ar da ba a samu yi tare ba. Abin da ya bari shi ne gidan katako da gonar shinkafa eka biyu da 'yan kai, wadda wakilin wasu masu gina rukunin gidaje ya riga ya fara zagaye.

Da aka duba rajistar filaye, sunan da ke kan gonar ba na mahaifinsu ba ne, ba kuma na kakarsu ba. Sunan mahaifin kakar ne, mutumin da ya rasu tun kafin 'yanci, kuma ba a taɓa raba gadonsa ba. Wannan matsala ce sananniya a Malesiya: mamaci ya bar gado, magadan su mutu ba a raba ba, nasu magadan su ma su bi, abin da malaman gado ke kira munasaha. Ofishin rabon ƙananan gadoji, wanda ke aiki da dokar 1955, yana buƙatar a jera kowane magaji a kowane hawa a cikin takardar da ake kira Borang A.

Da farko lissafin ya yi sauƙi. Kakar ita kaɗai ce 'yarsa, don haka tana da rabi, matarsa sumuni, saura na ƙanensa da ƙanwarsa. A wajen cin abincin sadaka ne wani jikan ƙanen nan ya faɗi maganar da ta dagula komai. Ya ce shi a gidansu an san kakar "anak angkat" ce, 'yar riƙo, kuma 'yar riƙo ba ta gado. Malamar ta ɗauki maganar a matsayin haɗama da cin fuska, taron ya watse kowa da fushinsa.

## Ƙarshen 2021: intanet da salsalar saye

Maimakon ta bi maganar da aka faɗa, sai ta nufi ɓangaren da take alfahari da shi, wato sharifta. A shafukan salsala na intanet ta sami suna irin na kakanta na huɗu a ƙarƙashin wani gidan sharifai. Murnar ba ta daɗe ba. Sunaye irin Muhammad bin Abdullah ba su ƙirguwa, kuma a wannan bishiyar shekarar haihuwar uba ta zo bayan ta ɗansa.

Daga nan ta biya wani mai rubuta salsala, ya kawo mata doguwar takarda mai ado a cikin gilashi, sunaye a jere har zuwa Ahmad bin Isa al-Muhajir, wanda ya bar Basra ya sauka Hadramaut a ƙarni na 10, kuma daga gare shi sharifan Ba Alawi suka fito. Saman jerin sananne ne. Ƙullin da ya haɗa kakanta da jerin shi ne babu wata takarda a bayansa. Sharifan yankin suna da rajistarsu: ƙungiyar Rabithah Alawiyah da aka kafa a Jakarta a 1928 tana da ofishin nasaba, Maktab Daimi, tun 1932, kuma ana shiga rajistar ne da sarƙar sunaye tabbatacciya da shaidar dangin da aka sani. Iyalin ko gidan da suka fito ba su iya faɗa ba, Al-Attas ne, Alsagoff ne, Aljunied ne ko Alkaff. Wata uku suka tafi a haka.

## Farkon 2022: gwajin DNA

Ta aika yawunta ga wani kamfanin gwaji a ƙasar waje. Sakamakon ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kudancin ƙasar Sin, wani kaso na kudancin Asiya, saura na yankin tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Na Larabawa kusan babu.

Ta yi watsi da shi, kuma tana da 'yar hujja: kamfanonin nan samfurin 'yan Malay da suke gwadawa da shi kaɗan ne, kuma kason da suke bayarwa kan sauya duk lokacin da suka sabunta lissafi. Sai dai ƙa'idar gadon jini a fili take. Mutum na ɗaukar rabi daga kowane mahaifi, kimanin kashi 25 cikin ɗari daga kowane kaka, kimanin 12.5 daga iyayen kakanni. Kashi ɗaya cikin huɗu girman kaka guda ne cif. Ƙanenta ya yi gwajin da ke bin layin maza zalla, daga uba zuwa uba, ya faɗa reshen da ya yawaita a kudancin Indiya. Duka takardun biyu suka shiga aljihun tebur. Ko da an yarda da su, ofishin rabon gado ba ya aiki da su.

## Tsakiyar 2022: gwangwanin biskit

Bayan ƙaramar salla suna share gidan ƙauye suka sauko da wani tsohon gwangwanin biskit daga saman kabad. A ciki akwai rasit-rasit na harajin ƙasa ɗaure da zare, shekara bayan shekara, da katin shaidar kakar na zamanin dokar ta-ɓaci da Turawan Ingila suka kafa a 1948, da takardar aurenta, da wata wasiƙa da ta yi ninki huɗu har ta fara tsagewa a kan layin ninkin.

Takardar auren da wasiƙar da Jawi aka rubuta su, wato ajamin Malay: haruffan Larabci da ƙarin wasu don sautukan da Larabci ba shi da su, irin su c, p, g da ng. Malamar ta koyi Jawi a makarantar addini, amma bugun littafi dabam, hannun magatakardan alƙali na shekara saba'in baya dabam. Wani tsohon limami da ya yi ritaya ne ya zauna da gilashin ƙara girma ya karanta mata.

Tun dokar auren Musulmi ta 1880 ake rajistar aure a Penang, don haka takardar na da gurabe na ango, amarya, waliyyi, shaidu da sadaki. Shekarar ita ce 1368 ta hijira, wadda ta kama daga Nuwamba 1948 zuwa Oktoba 1949. A gurbin amarya an rubuta sunanta sannan "binti Abdullah", laƙabin da ake ba wanda ya musulunta ko wanda ubansa ba Musulmi ba ne. A gurbin waliyyi an sa alƙali, a matsayin "wali hakim". Mutumin da kowa ya sani a matsayin ubanta yana nan a takardar, amma a layin shaidu. Limamin ya ajiye gilashin ya ce mata uba yana raye, yana zaune a wurin, ba a tsallake shi a ba alƙali walicci sai idan shari'a ba ta ɗauke shi uba ba. Katin shaidar kuwa, wanda aka yi kusan lokaci ɗaya, ya jingina ta ga sunan wannan mutumin. A gaban magatakardan Turawa ya ce 'yarsa ce. A gaban alƙali, inda ingancin aure ya rataya, ya faɗi gaskiya.

Wasiƙar ta hiba ce. Mai gonar ya bayyana cewa yana cikin lafiya da hankali, ya ba 'yar riƙonsa gidan da gonar kyauta, ya dangwala yatsa, limamin ƙauye da penghulu, wato dagaci, suka sa hannu. Ba a taɓa kai ta rajista ba. A lokacin Penang na bin tsarin takardun ciniki irin na Ingila, kuma da aka koma rajistar filaye ta zamani daga 1966, tsohon sunan aka kwafa.

Akwai wani abu kuma da ya kusa wucewa ba a lura ba. A gurbin ango, bayan sunan mahaifinsa, an ƙara kalma guda: Marican.

## Tsohuwar Kedah

Mutum ɗaya ya rage daga wancan zamanin, 'yar ƙanwar mai gonar, tsohuwa mai kimanin shekara 90 da ke wani ƙauye a jihar Kedah, tsallaken kogin Muda. Zuwan farko malamar ta je da jerin tambayoyi, ta ajiye waya a tsakani tana naɗar murya. Tsohuwar ta ce ta manta komai, ta koma tambayar lafiyar yara.

A zuwa na biyu ta bar wayar a mota. Ta kai kayan zaƙi, ta zauna a kicin tana taya jikar tsohuwar ɓare albasa, sai can ta ce, Tok, ga takardar auren Tok ɗinmu, an karanta mini. Tsohuwar ta riƙe takardar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta fara.

A farkon shekarun 1930 farashin roba ya faɗi warwas, ma'aikatan gonaki suka rasa abin yi, wasu aka mayar da su ƙasashensu. Wani gidan Sinawa masu noman kayan lambu, da 'ya'ya mata da yawa da abinci kaɗan, suka ba da jaririyarsu ga kawunta da matarsa, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Irin wannan ya faru a ƙauyukan Malay da dama a lokacin. An kawo ta ba ta yi arba'in ba, a naɗe cikin zane, da jan zare a wuyan hannu. Mahaifiyar tsohuwar na goyon ita tsohuwar a lokacin, sai aka ba ta jaririyar ta shayar da ita kwanaki a jere. An yi haka da gangan. A mazhabar Shafi'iyya, wadda Malesiya ke bi, sai shayarwa biyar masu ƙosarwa kafin shekara biyu ke kafa dangantakar nono, saɓanin Malikiyya inda ko sau ɗaya ya isa. Da ƙanwarsa ta shayar da ita, mai riƙon ya zama kawunta na nono, muharraminta, ta girma a gidansa babu shamaki. Ita da tsohuwar nono ɗaya suka sha.

Ɓoyewar daga baya ta zo. Da Japan ta mamaye ƙasar daga Disamba 1941 zuwa 1945, Sinawa ne suka fi shan wuya, an kama da yawa an kashe a Penang a 1942. Yarinyar na da kimanin shekara goma, fara sol. Aka hana kowa a gidan ambaton asalinta. Bayan yaƙi aka shiga rikicin ƙabilanci a wasu yankuna, sannan dokar ta-ɓaci, shirun ya zama al'ada. Dokar rajistar riƙon yara ta zo a 1952, lokacin ta riga ta yi aure ta haihu.

A zuwa na uku tsohuwar ta ƙara abin da ya fi amfani ga shari'ar. Ta ji kawunta da kunnenta yana cewa gonar ta 'yarsa ce, kuma mahaifiyarta ba ta taɓa karɓar ko mudu ɗaya na shinkafar gonar da sunan gado ba.

## Maƙabarta da tsofaffin jaridu

Kalmar Marican ta kai malamar tsohuwar maƙabartar Musulmi a George Town. A maƙabartun Malay dutsen kan kabarin namiji mai kewaye ne, na mace mai faɗi, abin da ya rage mata rabin aikin. Da yamma, tana haska tocila daga gefe don inuwar rubutun ta fito, ta sami kabarin kakan kakanta. Ƙarƙashin sunan an sassaƙa garin da ya fito: Nagore, a gaɓar tekun ƙasar Tamil a kudancin Indiya. A taskar tsofaffin jaridu ta NewspaperSG, wadda hukumar ɗakunan karatu ta Singafo ke kula da ita, sai da ta gwada rubutu iri-iri, Marican, Merican, Maricar, Mahomed, Mohamed, kafin ta ci karo da sanarwar gwanjon ƙananan jiragen dakon kaya na wani mai wannan suna a bakin tashar Weld Quay.

Tun da Francis Light ya kafa George Town a 1786 'yan kasuwa Musulmi 'yan Tamil, waɗanda ake kira Chulia, suka cika garin. Su suka kafa masallacin Kapitan Keling a 1801, kuma har yau akwai hubbaren tunawa da waliyyin Nagore a titin Chulia. Marican, wato Maraikkayar, laƙabin masu fataucin jirgin ruwa ne a cikinsu. Sun auri matan Malay, 'ya'yansu suka zama Jawi Peranakan, masu ilimi da dukiya, waɗanda suka kafa jaridar farko ta harshen Malay a Singafo a 1876. A shekarun 1930 iska ta juya. Jaridun masu kishin Malay suka fara bambanta "Melayu jati", wato Malay na asali, da masu jinin Indiya da masu jinin Larabawa, har da taƙaitattun laƙabai, DKK ga masu jinin Indiya, DKA ga masu jinin Larabawa. Gidaje da yawa suka ajiye laƙabinsu na Indiya suka zama Malay kawai. Wannan gidan ma a wannan tsakanin Marican ya ɓace daga takardunsa.

Shaidar kuwa tana bakin malamar tun tana yarinya. A gidansu "mami" ake ce wa goggo, "mamu" ake ce wa kawu, kalmomin da suka zo daga Indiya, waɗanda dangin mahaifiyarta na ƙauye ba sa amfani da su.

## 2023: zaman rabon gado

Ta zana sabuwar bishiya, kowane ƙulli da takardar da ta tsaya masa, ta aika wa duk reshen dangi kafin ranar zama, har da gidan da ya fara tayar da maganar. Magada masu rai sun haura 30.

In da fara'id kaɗai za a bi, matar mai gonar na da rubu'i tunda bai haihu ba, ƙanensa rabi, ƙanwarsa rubu'i, kakar malamar ba ta da komai. Hiba kuwa, wadda ba ta tsaya a sulusi ba in an yi ta cikin lafiya kuma an karɓi abin, sai kotun shari'a ta tabbatar da ita, ga shi shaidun duk sun rasu. Rasit-rasit ɗin haraji sun nuna kakar ce ta riƙe gonar tana biya, wannan ya ƙarfafa takardar. Doka ta ba magada damar rabo bisa yarjejeniya in kowa ya amince, aka bi wannan hanyar. Zuriyar ƙanwar da ta matar suka yafe kasonsu. Zuriyar ƙanen suka rabu: yawanci suka sa hannu, gida biyu suka nemi a biya su. Aka sayar da wani yanki na bakin hanya aka sallame su. Umarnin rabo ya fito a ƙarshen 2023, shekara biyu da 'yan watanni bayan rasuwar.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Watannin farko sun tafi a banza ne saboda an fara daga sama, daga kakan da ake so a samu, ana neman igiyar da za ta sauko. Mai neman irin wannan igiyar ba ya rasa mai sayar masa. Binciken ya kama hanya ranar da aka fara daga mamacin jiya ana hawa, ƙulli ɗaya takarda ɗaya. Gwajin DNA ya faɗi gaskiya tun farko, amma bai ambaci suna ko dalili ba, shi ya sa aka iya ture shi har sai da takardar aure da bakin tsohuwa suka ba shi ma'ana. Ita ma tsohuwar ba tambaya ce ta buɗe bakinta ba. Ganin cewa sirrin ya riga ya fito ne ya sauke mata amanar da ta ɗauka shekara tamanin.

A ganina babban kuskuren na tsarin suna ne. "Bin" na adana maza ya zubar da mata, alhali gaurayen wannan gidan ta wajen mata ya fi shigowa: matan Malay da Chulia suka aura, da jaririyar Sinawa da ta zama kakar kowa. Labarin Larabawa ma bai faɗo daga sama ba. Su kansu Maraikkayar na da riwayar cewa kakanninsu matuƙan jiragen Larabawa ne da suka zauna gaɓar Indiya. Da alama da wannan labarin aka sauka Penang, sannan a zamanin da jinin Indiya ya zama abin gori aka cire Nagore daga tsakiya aka naɗa wa sauran rawani. Mutumin da ya yi maganar a wajen sadaka bai yi ƙarya ba, ko da niyyarsa gonar ce.

Cikin waɗanda kamfanin gwajin ya nuna suna da dangantaka da malamar akwai wata mata Basiniya a garin Bukit Mertajam da ke Seberang Perai, da kason jini kusan 3 cikin ɗari, daidai abin da ake samu tsakanin jikokin 'yan'uwa biyu. Ta amsa saƙo bayan wata huɗu, ta ce kakarta kan ambaci wata ƙanwa da aka bayar ƙauyen Malay. Sun haɗu a wani shagon nasi kandar, abincin Musulmin Indiya na Penang, kowacce da hoton kakarta a jaka. Salsalar gilashin nan kuwa tana rataye a falon ƙanen malamar, wanda ya ce shi bai yarda da gwajin yawu ba.